Zancen Tsakar Gida: In tukunya ta ƙone formika a gidan haya

  

Zancenmu na wannan wata kan formika ne, wannan leda mai ƙarfi mai sheƙi da kafinta ke liƙa ma katako, da abin da ya kamata mace ta yi in zafi ya ɓata ta a gidan da ba nata ba. Mun san wata za ta ce, mu da ke girki a tsakar gida kan duwatsu uku, ina ruwanmu da formika? To a yi haƙuri a saurara. Da yawa daga cikinmu yanzu haya muke a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Tun da matatar mai ta Soraz ta fara aiki a Damagaram cikin 2011, gaz ya ƙara shiga gidaje, girki ya fara komawa cikin ɗaki. Sababbin gidajen haya ana yi masu madafa a ciki, da dakalin aje kaya a jikin bango. Wani dakalin na siminti ne da karo, wani kuwa katako ne aka rufe da formika. Ko wadda ba ta da irin wannan madafa, akwai formika kan teburinta, ko kan bufe na kayan ɗakin amarya, ko kan kantar shagon da take haya a kasuwa. Ga kuma ɗiyanmu mata da ke aikatau a gidajen mutane, su ne aka fi ɗora ma laifi in abu ya ɓaci.

Abin da ya sa muka ɗauki zancen da muhimmanci shi ne kuɗi. Kafin a ba ki mabuɗi sai kin aje kuɗin ajiya, wanda ake ce ma kosiyon, ban da hayar da za ki biya gaba. Mata nawa ne a cikinmu suka ci bashin asusu don su cika wannan kuɗi? Tabon tukunya guda, wanda bai wuce faɗin faifai ba, yana iya cinye shi duka ranar tashi, ya kuma bar ɓacin rai tsakaninki da masu gida.

Mu fara sanin abin da muke hulɗa da shi

Formica sunan kamfani ne na Amurka, an kafa shi a 1913 a birnin Sinsinati, daga baya sunan ya bi duk wani abu mai kama da nasu, kamar yadda muke ce ma kowane garin sabulu Omo. Abin mamaki, asalinta takarda ce. Ana jera takardu masu ruwan ƙasa, irin na buhun siminti, a jiƙa su da wani irin ƙaro na masana'anta. A bisa a shimfiɗa takarda guda mai launi ko zanen icce ko na dutse, a rufe ta da wani ƙaro mai haske da ake kira melamin, sannan a matse su da injin cikin zafi har su zama falle ɗaya. Kaurinta duka bai cika wuce milimita 1 ba. Wannan fallen ne kafinta ke liƙawa da gam a kan katako, galibi katakon da aka yi da garin icce aka matse.

Abu uku za mu riƙe daga nan. Na farko, kyan da muke gani yana cikin takarda guda ne tak. In an kankare ta, ruwan ƙasa ne zai fito, kuma ba ya komawa. Na biyu, formika ba ta narkewa kamar bokitin roba, ƙonewa take yi, don haka ba a narka ta a sake shafe wurin. Na uku, gam ɗin da ke riƙe da ita ya fi ta tsoron zafi, kuma katakon da ke ƙasa ya fi su duka tsoron ruwa. In ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi, ko ya bushe ba ya komawa yadda yake.

Batun zafi kuma, ruwa na tafasa ne a digiri 100. Masu ƙera formika na cewa kada abin da ya wuce wajen digiri 135 ya taɓa ta ko na ɗan lokaci. Man da muke suyar ƙosai da fanke da awara yana kai digiri 170 zuwa 190, gindin kaskon da aka sauke daga wuta yanzu kuwa ya fi haka. Shi ya sa kofin shayi ba ya yi mata komai, amma kaskon suya na minti ɗaya sai ya bar tambari. Kuma zafi mara yawa ma, in ya daɗe wuri ɗaya, yana sakin gam: resho da aka girke a kanta kullum, ko tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Sauran masu ɓarnar mun san su: kaskon turaren wuta, butar shayi da aka ɗauko daga gawayi, dutsen guga, kyandir, da maganin sauro na kunnawa.

A duba kafin a taɓa

In abin ya faru, a sauke tukunya, a bar wurin ya huce da kansa. Kada a zuba ruwan sanyi. In ya huce a wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi, domin sau da yawa rabin baƙin da ake gani baƙin gindin tukunya ne da maiƙo. In leda ce ta narke ta manne, a bari ta sandare, a ɗaga ta da bakin wani kati na roba, ban da wuƙa.

Bayan nan a shafa wurin da yatsa, a duba shi da rana ko da fitilar salula daga gefe. Ɗaya daga cikin huɗu za a gani.

Ko dai wurin sumul yake, launi ne kawai ya sake, ya yi fari-fari ko rawaya ko ja-ja. Ko kuma ya taso ya yi ƙulli kamar bororon ƙuna a fata. Ko bakin formikar ya ɗaga daga katako. Ko kuwa ya ƙone ya yi baƙi, ya yi kaushi, ya tsage ko ya yi rami. Kowane da maganinsa, kuma maganin wani yana ƙara ɓata wani.

In launi ne kawai ya sake

Wannan shi ne mai sauƙi. A nemi bikarbonat, ana samu a farmasi da manyan shaguna. A dama cokali uku da ruwa kamar cokali ɗaya, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. A shafa a kan tabon, a ba shi minti 5, sannan a murza a hankali da tsumma mai ɗanshi, ana zagayawa, kamar sau ashirin. A wanke, a share, a duba. Wadda ba ta samu bikarbonat ba, farin man goge haƙori ma yana yi.

Kafin a sa a tsakiyar dakali, a gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa, musamman in formikar baƙa ce ko mai sheƙi sosai, don irin waɗannan su suka fi saurin dushewa. A maimaita sau biyu ko uku. In tabon ya ragu, madalla. In ya tsaya inda yake, ke ma ki tsaya. Wannan na nufin zafin ya kai ga takardar launi, kuma duk murzar da za ki ƙara sheƙin kawai za ki cinye. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Ga abubuwan da ba su da gurbi a nan, ko da maƙwabciya ta rantse sun yi mata aiki: soson ƙarfe, toka da rairayi da muke darje tukwane da su, kanwa, da takardar goge katako. Ruwan Javel ba ya cire ƙuna, in ya daɗe a kai ma sai ya ƙara nasa tabon. Mu da ke yin sabulu a ƙungiyoyinmu mu kula ƙwarai da soda. Tana cin fuskar formika, ita kanta kuma tana ɗaukar zafi sosai lokacin da ake narka ta a ruwa. Aikin sabulu a yi shi waje a kan siminti. Haka ruwan batir da ruwan wanke masai, kada a aje kwalbarsu a kai.

In ya taso ya yi ƙulli

A danna ƙullin da babban yatsa. In ya lotsa ya sake tasowa, fuskarsa kuma lafiya lau ba tsaga, to gam ne ya saki, akwai fata. Irin gam ɗin da kafintoci suka fi liƙa formika da shi, mai ruwan ɗorawa mai ƙarfin wari, yana sake yin danƙo in ya ji ɗumi.

A shimfiɗa tsumman atamfa mai tsabta, ninki biyu, a kan wurin. A kunna dutsen guga na lantarki a tsaka-tsakin zafi, ba tare da ruwa ko tururi ba. A riƙa zagayawa da shi kan tsumman kamar daƙiƙa 15 zuwa 20, a ɗaga a duba. Kada a aje shi wuri ɗaya, in ba haka ba tabo biyu za a samu maimakon ɗaya. In wurin ya ɗumama ƙwarai, a murza shi da ƙarfi da gefen kwalba, daga bakin ƙullin zuwa tsakiya. Sai a ɗora katako shimfiɗaɗɗe, a ɗora masa nauyi, kamar buhun shinkafa ko turmi, a bar shi ya kwana. Dutsen guga na gawayi ba mu ba da shawararsa ba, don ba a iya auna zafinsa. Gara a aro na lantarki wurin wata ƴar ƙungiya ko wurin tela.

In an gwada sau biyu bai kama ba, aikin kafinta ne. Yakan huda ɗan ƙaramin rami, ya ɗura farin gam na katako da sirinji, ya danne na kwana ɗaya. Amma in ƙullin tauri gare shi, yana ƙaras-ƙaras in an danna, ko ya yi ƴan tsage-tsage, to formikar ce da kanta ta rabe a ciki. Guga ba ta yi masa komai. A ɗauke shi cikin ƙuna mai zurfi, wadda za mu zo kanta.

In baki ne ya ɗaga

Wannan a yi shi da wuri, don ta nan ruwa ke shiga. A ɗaga bakin a hankali, kada a tanƙwara shi, formika karyewa take yi. A share datti da tsohon gam da ya bushe, a tabbata katakon a bushe yake. A sayo ƙaramin gwangwanin gam na formika a shagon kayan gini, masu shagon sun fi gane shi da sunan kol. A shafa kaɗan-kaɗan a fuska biyu, jikin katako da bayan formika. A sa tsinken tsintsiya tsakani don kada su haɗu, a jira minti 10 zuwa 15, har in kin taɓa da yatsa ba ya biyo ki. Sannan a zare tsinken, a danne daga ciki zuwa baki. A daidaita da kyau tun farko, domin irin wannan gam in fuskokin biyu suka haɗu ba a sake gusar da su.

Kashedi babba a nan, a karanta ma kowa da ƙarfi. Tururin wannan gam yana kama wuta, yana kuma sa jiri. Kafin a buɗe gwangwani a rufe tukunyar gaz, a fitar da gawayi da turaren wuta, a buɗe ƙofa da taga, a kori yara. Mai juna biyu da mai ciwon asma su bar ma wata ta yi. In an gama a rufe gwangwanin ruf, a aje inda hannun yaro ba ya kaiwa.

In ya ƙone ya yi rami

Gaskiya ɗaya ce: wannan wurin ba zai koma sabo ba. Duk wanda ya ce zai shafa maki wani abu tabon ya ɓace kamar ba a yi ba, kuɗinki yake so. Abin da ake nema shi ne a toshe hanyar ruwa, wurin kuma ya yi kyan gani gwargwado. Kuma daga nan zuwa gaba, ba a yin komai sai da sanin mai gidan.

In ramin ƙarami ne, bai wuce faɗin dala ashirin ba, ana cike shi. A kankare baƙin da reza a hankali har a kai wuri mai ƙwari, a share, a zagaye ramin da salatif don gam kada ya ɓata gefe. A sayo gam mai tubu biyu, irin su Araldite, a matso daidai wa daida, a cuɗa, a cika ramin, a shafe bisansa da kati ya yi daidai da sauran. A cire salatif tun gam bai sandare ba, a bar shi kwana ɗaya. Wadda ke so ta ɓoye tabon tana iya ɗiga ɗan fentin mai da ya yi kusa da launin. Zai riƙa nunawa in an duba da kyau, amma ruwa ba zai shiga ba. Kada a yanka albasa ko nama a kan wurin.

In ƙunar ta kai faɗin gindin tukunya, akwai dubarar da muka fi so. Kafinta ya yanke wurin murabba'i, ya zaunar da karo guda a ciki, mai santimita 20 ko 30 kowane gefe, ko farantin ƙarfen da ba ya tsatsa, ya toshe gefunan da silikon. Wurin da ya ɓaci ya zama wurin sauke tukunya ke nan, kuma masu gida da yawa sukan yarda da wannan, tunda wanda zai shigo bayanki ma zai amfana.

Na ƙarshe shi ne sake formikar. Falle guda yakan zo da tsawon santimita 244 da faɗin 122. In tsohuwar na manne da kyau, katakon kuma bai kumbura ba, kafinta na iya goge fuskarta ya liƙa sabuwa a kai, ba sai an kwance dakalin ba. A tambaye shi ko yana da ragowar wani aiki, don ƙaramin dakali ba ya cin falle guda. A tafi shago da foto, amma a san cewa samun launi iri ɗaya sak yana da wuya, tsohuwar ta riga ta sha rana. Shi ya sa rufe fuskar dakalin duka ya fi faci kyau. In kuwa katakon ya riga ya sha ruwa ya kumbura, sai an sake shi, kuma nan ne kuɗi ke tashi.

Zancen mai gidan haya

Nan ne da yawa ke faɗuwa. Tsoro ya sa a shimfiɗa leda mai fure a kan tabon, a ɗora kwanuka, a yi shiru har ranar tashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ƙarƙashin ledar ruwan wanke-wanke na shiga, gyaran da ya kamata ya tsaya kan karo ɗaya sai ya koma sake dakali ɗungum. Ranar da aka yaye ledar kuma ba ki da bakin magana. Mai gida ya faɗi kuɗin da ya ga dama, ya cire a kosiyon.

Wata ƴar uwa a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da muke zagayawa ta bi ɗaya hanyar. Kaskon suya ne ya ƙone mata dakali. Washegari ta ɗauki foto, ta je da maigidanta wurin mai gidan, da kafintan unguwa da ya riga ya duba ya faɗi kuɗin aiki. Aka sa karo, ta biya a hankali cikin wata biyu, kosiyonta na nan ba a taɓa ba. Da ta ɓoye, da wani labarin ake yi.

Ga yadda muke ba da shawara. A ɗauki foto tun ranar, na kusa da na nesa, a aje cokali a gefen tabon don a ga girmansa. A kira kafinta ɗaya ko biyu su faɗi kuɗi kafin a je. In a gidanku maigida ne ke magana da masu gida, a gaya masa tun da wuri, kada ya ji a bakin wani. In ke ce da kanki, ki je da babbar mace ko shugabar ƙungiya. Magana kuma a taƙaice, bayan gaisuwa: "Alhaji, wani tsautsayi ne ya faru a madafa, tukunya ta ƙone dakali, ga foto. Na ce gara ka ji daga bakina. Kafinta ya duba, ga abin da ya ce. In ka yarda sai a gyara, in kuma kana da naka kafintan, to." In Hajiya ce mai gidan, ki gayyace ta ta zo ta gani da idonta.

Akwai bambanci da ya kamata mu sani tsakanin tsufa da ɓarna. Launin da ya koɗe don shekaru, da ƴan ƙarce-ƙarcen yau da kullum, da gam da ya saki don ya tsufa, waɗannan na mai gida ne, da su ake cin haya. Ƙuna kuwa ta wanda ke zaune ce, kada mu yi gardama a kanta. Amma adalci shi ne, dakalin da ya shekara goma ana aiki a kansa ba a biyan kuɗin sabonsa cif. Ana iya roƙon a raba, ko ke ki sayi kaya shi ya biya kafinta. A yi roƙon da ladabi, sau da yawa ana dacewa.

Duk abin da aka shirya a rubuta. Ba sai da Faransanci ba, Hausarmu ta isa, ko da boko ko da ajami: ranar kaza, an gyara dakalin madafa a kan kuɗi kaza, wance ta biya kaza, ba sauran magana a kansa ranar tashi. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaida ɗaya. Ko saƙon murya na WhatsApp da ya ce ya yarda, a adana shi. In an kasa daidaitawa, a kai zancen wurin dillalin da ya haɗa ku ko mai unguwa tun abin bai yi tsami ba.

Haka nan ranar shiga sabon gida. Kafin a shigar da ko tabarma, a zagaya da mai gidan ko wakilinsa, a duba dakali da ƙofofi da famfo, a ɗauki foton duk tabon da aka tarar, a rubuta. In ba a rubuta komai ba, za a ɗauka lafiya lau kika karɓi gidan, ki zo ki biya ɓarnar wadda ta riga ki. Karatun yaƙi da jahilci da muka sha wahalarsa, ga ranarsa.

Kan ƴan aiki da yara

Mu da ke da yarinya mai taya mu aiki, mu ji tsoron Allah. Yarinyar da ta taso a ƙauye tana sauke tukunya a ƙasa, ina ta san wannan dakalin mai kama da dutse takarda ce? In ba ki nuna mata ba ranar da ta zo, rabin laifin naki ne. Riƙe mata albashin wata biyu kan tabo ɗaya zalunci ne. Mu kuma da ke tura ɗiyanmu birni, mu gaya masu tun a gida: duk abin da ya sauko daga wuta, a tambayi uwar ɗaki inda ake aje shi, in tsautsayi ya faru kuma a faɗa nan take.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi cikin 1991, abin da ya riƙe mu shi ne kowace matsala a kawo ta kan tabarma. Wannan ma a kawo ta. Sai dai a tuna, gyaran dakali ba sana'a ba ce, ba ya dawo da riba. Wadda za ta ci bashin asusu don shi ta ɗauki daidai kuɗin da kafinta ya faɗa, kuma ta san daga inda za ta biya. Ƙungiyar da ke da asusun taimako, ta zauna ta yanke tun yanzu ko irin wannan tsautsayi na cikin abin da ake taimakawa, don kada a zo ana duban fuska ranar da ya faru.

Ƙungiyoyin birni, inda masu haya suka yi yawa, suna iya rubuta sunayen kafintoci biyu ko uku da aka gwada aka ga amanarsu a bayan littafin sakatariya. Gwangwanin gam ɗaya ya ishi gida da yawa, kuma in an buɗe shi ba ya daɗewa yake bushewa, to in biyu ko uku na da gyara su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya. Duk wadda za ta shiga sabon gida kuma, a haɗa ta da mai karatu ɗaya da mai salula mai foto su raka ta.

Rigakafin dai ba ya da tsada. Karo biyu ko uku da suka rage a wurin gini, ko guntun katako mai kauri, a aje su dindindin kusa da resho, hannun da kike sauke tukunya. Resho kansa a ɗora shi kan karo ko faranti, a bar tazara tsakaninsa da bango in bangon ma formika ne. Faifai da tsumma suna tare ɗumin kwano, amma ba sa tare zafin kaskon suya, jiƙaƙƙen tsumma ma ya fi saurin kai zafi ƙasa. Turaren wuta da shayi da guga, kowane a nema masa wurinsa a ƙasa.

A taron wannan mako, muna roƙon kowace shugaba ta tambaya: su wa ke haya a cikinmu, kuma su wa ke da takarda ko foton ranar shiga? Wadda ba ta da shi, ba a makara ba, ta ɗauki foton gidan yadda yake yau ta adana. Wadda kuma ke da tabo a ƙarƙashin leda yanzu haka, ta yaye ta duba tun ruwa bai gama da katakon ba.

Masu tambaya ko wata dubara da suka gwada ta yi, su ba sakatariyar ƙungiyarsu ta aiko mana, za mu karanta mu amsa a fitowa ta gaba. Allah ya tsare mu da tsautsayin wuta, ya sa albarka a asusunmu, ya ba kowace mai haya nata gidan. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.